Wannan Me Zai Kawo Maka?

 Mutanen Barnawa, ina gaisuwa. Na Narayi, na Kakuri da Makera, na Television har zuwa Sabon Tasha, sannunku da gida. 'Yan'uwa na ƙetaren kogin Kaduna, ku ma ban manta da ku ba. Uwargida da ke gaban murhu, a ɗan rage wuta. Maigida da ya dawo daga nema, sannu da dawowa. A matso kusa da rediyo, yau maganar ta cikin gida ce.

Bari in fara da abin da idona ya gani.

Wata rana bayan la'asar ina tafe a ƙasa a bakin titin Aliyu Makama, nan Barnawa. Damina ce, sabuwar masara ta fito. Wata mata tana gashi a bakin hanya. Tana fifita garwashi da guntun kwali, hayaƙi yana tashi, rana ta yi ja tana ratsa hayaƙin. Sai ga wani yaro, bai wuce shekara goma sha shida ba. Ya gaishe ta, ya ce, "Mama, in ɗauki hoton masarar nan?" Ta yi dariya ta ce ya ɗauka. Ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa. Ya karkata wayarsa, ya matsa gaba, ya ja baya. Gilashin wayar ma ya tsage. Hasken nan da ke cikin hayaƙi, shi yake nema.

Wani dattijo yana zaune a kan benci a gefe. Ya dube shi ya ce, "Kai yaro, wannan me zai kawo maka?"

Yaron bai ce uffan ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya sa waya a aljihu, ya wuce.

Masu sauraro, wannan tambayar ce ta kawo ni gabanku yau. Me zai kawo maka? Na ji an yi wa yarinyar da ke rubuta labari a bayan littafin makaranta. Na ji an yi wa matar da ta tashi ranar Asabar tana gwada wani girki da ba ta taɓa yi ba. Dattijon nan ba mugunta ya nufa ba. Ya san wahalar neman abinci, yana yi wa yaron tsoron gobe. Amma tambayarsa tana da amsa, kuma ga amsata: aikin sha'awa ajiya ne. Abin da ba wanda ya sa ka, ba wanda zai biya ka, kai ne kawai ranka ya so ka yi shi da hannunka, wannan ajiya ne. Hoto ajiya ne. Girki ajiya ne. Rubutu ajiya ne. Ku riƙe mini wannan kalma, za mu yi ta dawowa kanta.

To, mu fara da hoto. Kuma mu fara da maƙwabciyarmu, Kakuri.

Manyanmu sun san abin da Kakuri take a da. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar KTL. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Arewa da UNTL. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Bahaushe da Bagwari, Bajju da Atyap, Tibi da Idoma da Igala, Babarbare da Bayarabe da Ibo. Idan aka tashi daga aiki, hanya cika take da kekuna da masu tafiya a ƙasa. Masu kunu da masu ƙosai suna jere a bakin ƙofa. Unguwannin kudancin kogi da yawa, a kan albashin waɗannan ma'aikata suka girma. A 2002 KTL ta rufe. Sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Yau idan ka wuce, ciyawa za ka gani da tsatsa.

Yanzu ga tambayata. Wa yake da hoton ƙofar masaƙa a lokacin tashi? Wa yake da hoton mai kunun nan da ƙwaryarta?

Muna da Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a nan Kaduna. Muna da Arewa House, a tsohon gidan Sardauna. Wurare ne masu daraja, Allah ya ƙara musu albarka. A can za ka sami takardun gwamnati, da jawaban manya, da hotunan bukukuwan buɗe ayyuka. Amma rayuwar talaka ta yau da kullum, mafi yawanta a cikin gidaje take kwance, cikin tsofaffin albam, a ƙarƙashin akwati. Inda ba a ɗauka ba kuwa, ta tafi ke nan.

A gidanmu akwai hoto guda na baffana, wanda ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Baƙi da fari ne, gara ta fara cin gefensa. Yana tsaye, hannu ɗaya a kan sirdin kekensa, ya ɗan janye hannun riga don agogo ya fito. A bayan hoton ya rubuta shekara da biro, ya ƙara da cewa albashinsa na farko ne ya sayi keken. Baffa ya rasu. Keken ya ɓace, masaƙar ta rufe. Jikokinsa ba su san muryarsa ba. Amma duk Sallah idan aka taru, sai an ɗauko hoton nan, yara su yi ta duba kunnuwansa suna cewa irin na wane ne. Wanda ya ɗauki hoton, ba mu san sunansa ba. Irin masu hoton nan ne da ke yawo unguwa-unguwa da kyamara a wuya. Fim ɗinsa hoto talatin da shida yake ci. Sai ya cika a kai wanki, ka jira mako guda, wani lokaci a ce naka ya ƙone. Da wannan wahalar ya yi mana ajiyar da ba kuɗin da zai saye ta.

Kada ku ce wannan maganar da ce. Ku dubi abin da ya faru a gaban idonmu. Tun daga 2019 da aka fara aikin sabunta birnin Kaduna, tituna sun canja, shataletale sun canja, an rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci an sake ginawa. Yaron da aka haifa bana ba zai san yadda garin yake shekara goma da suka wuce ba, sai in wani ya ɗauka. A nan ina kira na musamman ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke reshen Barnawa, masu karatun zanen gine-gine da tsara birane. 'Ya'yana, tsofaffin gidajen unguwar nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauke su kafin katafila ta zo.

Wani zai ce ai hoton waya wasan yara ne. To, ku saurari labarin mutum biyu.

A Bamako, ƙasar Mali, an yi wani ɗan kafinta mai suna Seydou Keita. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya kawo masa 'yar ƙaramar kyamara. Da ita ya fara, yana ɗaukar 'yan gidansu da maƙwabta. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto. Mutanen gari suke zuwa, mata da kwalliyarsu, samari da rediyo ko babur. Abin da ya bambanta shi da saura, bai zubar da fim ɗinsa ba. Ya adana. Bayan shekaru masu yawa aka baje hotunansa a Faransa da Amurka, kuma yau duk mai son ya ga fuskar Bamako ta wancan zamani, wurinsa yake zuwa.

Ta biyun tamu ce, ta nan kusa. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, aikin jinya ta karanta. Ta gaji da yadda duniya ba ta ganin komai a garinsu sai bom da gawa. A 2015 ta fara sa hotuna a Instagram, a shafin da ta kira Bits of Borno. Yara a hanyar makaranta, 'yan kasuwa, amare, tsofaffi a inuwa. Ta nuna cewa ana rayuwa a Borno. Mu ma a Kaduna mun san wannan ciwon. Mun san yadda sunan garinmu ba ya fitowa a labarai sai an yi abin baƙin ciki. Yaron nan mai tsagaggiyar waya, wata Kadunar yake nema ya nuna, Kadunar masara da hayaƙin yamma.

Ga 'yar shawara ga masu sha'awa. Ka goge idon kyamarar da gefen rigarka kafin ka ɗauka. Hasken safe da na yamma sun fi na tsakar rana taushi. Ka matsa kusa da abin da kake so. Lokacin hunturu, ka je bakin kogi da sassafe, ka ga yadda hazo yake kwanciya a kan ruwa, masunta suna ratsawa da kwalekwale. Sannan babbar shawarar: ka wanke hoto. Kada ka bar komai a cikin waya. Ni ganau ne. An zare mini waya a cikin Keke Napep shekarun baya. Wayar ba ta dame ni ba. A cikinta akwai hotunan mahaifiyata na Sallarta ta ƙarshe, kuma ban ajiye su a ko'ina ba. Har yau idan na tuna, sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Ko guda biyar ne a shekara, ka kai a wanke maka a takarda, ka rubuta suna da kwanan wata a baya.

Sai dai hoto yana da ladabi, kuma a nan zan ɗan ɗaga murya. Yaron nan sai da ya ce, "Mama, in ɗauka?" Haka ake yi. Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, a mutunta su. Idan an yi haɗari a hanya, hannu ake kai wa, ba waya ba. Almajiri ɗan wani ne, ba abin nuni ba ne. Mu a Barnawa muna maƙwabtaka da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, iyalai suna kawo marasa lafiyarsu daga nesa cikin damuwa. Wanda ya ga bawan Allah cikin irin wannan hali ya ɗauke shi ya watsa don a yi dariya, ya ci amana, kuma ba shi nake wa magana yau ba.

Jama'a, mu ajiye kyamara, mu leƙa kicin. Uwargida, yanzu maganar ta zo gare ki.

Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, wadda ta iya waina. Tun dare take jiƙa shinkafar tuwo. Da safe a kai niƙa. Ta dafa 'yar shinkafa kaɗan ta zuba a cikin ƙullin, ta sa yis, ta rufe, ta ajiye a rana. Ba ta duba agogo. Sai ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta ce, "Bai yi ba tukuna." Can an jima ta sake buɗewa ta ce, "Yanzu ya tashi." Ta ɗiga ruwan kanwa, ta yanka albasa, ta ɗora tanda. Da kunne take sanin lokacin juyawa. Idan ƙarar man ta sauya, sai ta sa cokali, waina ta kife, bayanta ja, cikinta fari kamar auduga. Ga miyar taushe a gefe, kabewa ta narke, gyaɗa ta kama, da 'yar yakuwa don tsami. Idan ka tambaye ta nawa ake sawa, sai ta ce, "Daidai misali." Ma'auninta yana cikin tafin hannunta.

Da ta rasu, 'ya'yanta mata uku suka gwada. Kowacce ta iya girki. Amma ba wadda ta kamo wainar Gwaggo. Akwai wani abu da take yi tsakanin niƙa da suya wanda ba wanda ya tsaya ya lura, ba wanda ya rubuta. Ya bi ta kabari.

Kun ga abin da nake nufi da ajiya? Kowace tsohuwa a unguwar nan tana ɗauke da ilimin da babu shi a littafi. Yadda ake daddawa daga kalwa. Yadda ake turara dambu ya yi washar-washar. Yadda ake ɗanwake ba ya narkewa a tukunya. Wace miya ake yi wa mai jego, wane kunu ake dama wa marar lafiya. Yarinyar da ta zauna kusa da kakarta tana koyo don sha'awa, gadon gidansu take kwashewa kafin ya zube.

Kuma abin da muke sakaci da shi, wasu sun hango shi. Ku ɗauki acha, abincin 'yan'uwanmu na kudancin Kaduna da Filato. Wani shahararren mai girki ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya daɗe yana tallata ta a Amurka, har ta shiga manyan kantuna a can. Mu kuwa yaranmu da yawa taliyar leda suka sani, ba su taɓa ɗanɗana faten acha ba. Ko citta. Jihar nan ce kan gaba wajen nomanta a Najeriya, daga Kachia zuwa Kwoi zuwa Kafanchan. Da cuta ta faɗa wa gonakin citta a 2023, kowace mai zoɓo da mai kunu da mai dakan yaji ta ji a jikinta. Tukunyarki, uwargida, a haɗe take da gonar wani. Ina yaba wa shirye-shirye irin su Akushi Da Rufi na tashar AREWA24, da suka sa girkinmu a talabijin da harshenmu. Amma malamar da ta fi kowace, tana nan zaune a tsakar gidanki, tana taunar goro.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, don nan ne zuciyar maganar.

Duk wanda ya kai shekara talatin da wani abu a garin nan ya san rikicin da ya faru a watan Fabrairun 2000, da wanda ya sake faruwa a 2002. Ba sai na tayar da mikin ba. Mutane suka kwashe kaya, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka gangaro kudu. Kogin da ya kamata ya shayar da mu ya zama iyaka. Amma Barnawa tana cikin unguwannin da har yau Musulmi da Kirista suke katanga ɗaya. Me ya riƙe wannan zama? Abubuwa da yawa ne, kuma ina da yaƙinin kwanon abinci yana cikinsu. Ranar Sallah, yaro ya ɗauki kwanon waina da naman layya ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Ranar Kirsimeti, kwanon ya dawo da shinkafa da cincin, an kula an sayi kazar da aka yanka yadda maƙwabci zai iya ci. Wata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman wance, don Allah yaya kike yin miyar nan taki?" Wannan ta koyi agushi, waccan ta koyi kuka. Matar da ta koya miki girki, da wuya wani ya zo daga waje ya ce miki ita maƙiyiyarki ce ki yarda. Wannan ma ajiya ne, ajiyar zumunci, kuma ranar tsanani ake cin moriyarsa.

Maza, ban ƙyale ku ba. Mai shayi namiji ne. Mai tsire da mai balangu da mai kilishi maza ne. To, me ya sa idan aka shigo gida sai ɗora tukunya ya zama abin kunya? An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Saurayin da ya iya dafa wake da shinkafa ba zai wulaƙanta ba ranar da ya tafi hidimar ƙasa, ko ranar da matarsa ta kwanta ciwo.

Sai rubutu. A nan ba zan daɗe ba, don tarihin ya isa shaida.

A 1933 Hukumar Fassara da ke ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Waɗanda suka shiga ba marubuta ba ne a lokacin, malamai ne da ma'aikata. Wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara ashirin da biyu, ya rubuta Ruwan Bagaja. Shi ne Abubakar Imam. Wani malamin daga Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista.  Da wani ya tsaya a kansu ya ce me zai kawo muku, suka ajiye alƙalami, da me za mu karanta a makaranta? Haka Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Ta koma karatun manya, ta rubuta Alhaki Kwikwiyo, littafin da har an fassara shi zuwa Turanci.

Yau ƙofa ta fi buɗewa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake gudanar da gasar Hikayata ta mata. A nan Kaduna aka fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, sannan bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021. Mata da yawa suna rubuta littafi sukutum a kan waya, suna rabawa a WhatsApp, wasu har suna samun na cefane. Ina jinjina musu. Roƙona biyu ne. A kula da ƙa'idar rubutu, a bambanta ƙasa da kasa, a bambanta ɓata da bata. Sannan a guji batsa da kwashe aikin wani, don abin da ka rubuta zai daɗe bayanka, jikokinka za su gani.

Kuma ba dole sai labarin soyayya ba. Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Zauna da kakarki, tana girki kina rubutawa, ki auna "daidai misali" ɗin nan da gwangwani ki ga nawa ne. Zauna da tsohon ma'aikacin masaƙa, ka tambaye shi yadda ranar farko ta kasance, da yadda ranar ƙarshe ta kasance. Suna nan da ransu a Kakuri da Makera da Nasarawa, amma kullum raguwa suke. Wanda harshen gidansu Gbagyi ne, ko Jju, ko Tyap, ya rubuta da shi. Tatsuniyar da ba a rubuta ba, tana tafiya da mai ita.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, "Malam, kana maganar sha'awa, mu kuwa ta abinci muke." Gaskiya ne, ban musa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, komai ya tashi. Gas ya gagari gidaje da yawa, an koma gawayi da itace. Uwargida ba ta da garin da za ta yi gwaji da shi ya lalace. Wanda ya fita tun asuba ya dawo bayan isha'i, barci yake nema. Ban zo in ɗora wa kowa nauyi ba. Kuma duk sha'awar da za ta hana yaro karatu, ko ta hana mutum ibada da haƙƙin iyali, ta wuce gona da iri.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wayar tana hannunmu. Data muna saye. Awa nawa muke kashewa muna kallon rayuwar wasu, muna jan yatsa sama har barci ya ɗauke mu? Daga ciki nake roƙon minti ashirin. Girkin ma ai dole za a yi shi, ko da sha'awa ko babu. Bambancin shi ne a kira yarinya ta tsaya kusa, a ce mata ga dalilin da ya sa albasa take riga tumatir shiga mai. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Batun kuɗi kuwa, e, wani lokaci sha'awa takan zama sana'a. Masu hoton biki da yawa a garin nan da waya suka fara. Masu girkin taro da masu sayar da cincin da dambun nama ta waya, a kicin ɗin gida suka koya. Allah ya sa albarka. Sai dai kada mu mai da kuɗi ya zama shi kaɗai ne ma'auni. Gwaggo ba ta taɓa sayar da waina ko ta sisi ba, amma ga shi shekaru bayan rasuwarta ina ambatonta a rediyo. Sannan matashin da yake da abin da yake ɗokin yi da yamma, ba shi da lokacin zaman banza a lungu, inda muka san abin da ake miƙa wa yara. Iyaye, ku auna wannan.

Masu sauraro, lokaci ya ja, bari in tattara kayana. Aikin sha'awa ajiya ne, kuma ajiyar Barnawa ba wanda zai zo daga Abuja ko Ingila ya yi mana ita.

Ga roƙona a wannan mako. Maigida, ɗauko tsohon albam ɗin nan, kira yara, faɗa musu sunan kowa, a rubuta a bayan hoton tun kana iya tunawa. Uwargida, zaɓi girki ɗaya na mahaifiyarki ki koya wa wani, sannan ki zuba kaɗan a kwano ki aika maƙwabta. 'Yan mata da samari, ku je ku gaishe da tsohon da ya fi kowa shekaru a layinku, ku tafi da biro da takarda.

Baba mai zama a benci, idan kana saurare, ina gaishe ka da girmamawa. Gobe idan yaron nan ya sake durƙusawa da wayarsa, ka kira shi ka ce, "Zo nuna mini abin da ka ɗauka." Kai kuma ɗana mai tsagaggiyar waya, masara tana nan, hayaƙi yana nan, koma ka ɗauki hotonka, ka wanke guda ka kai wa Mama mai gashi.

 Allah ya ba mu zaman lafiya a Barnawa da Kaduna baki ɗaya.